Sikila ko tsufa: Wanne sabon salon gyaran ƙwayoyin jini zai fara yi wa magani?

A shekarar 2025 an wallafa sakamakon wasu bincike guda biyu da suka yi amfani da dabara kusan iri ɗaya, amma kowanne da inda ya dosa.

Na farko ya fito daga Jami'ar Aachen da ke Jamus, inda masana suka gwada taɓa alamomin da tsufa ke bari a jikin DNA na ɗan Adam. Na biyu aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar New South Wales da ke birnin Sidni na Ostareliya da asibitin yara na St. Jude a Amurka. Su kuma sun goge irin waɗannan alamomi ne domin farkar da wani sinadarin jini da ke hana cutar sikila yin ta'adi.

Dabarar da suka gwada ba ta yanka DNA, kuma ba ta sauya ko harafi ɗaya na abin da mutum ya gada daga iyayensa. Wannan shi ne sabon abin da ya ja hankalin likitoci da masu zuba jari.

Manyan attajirai sun fi zuba ido kan batun tsufa. Amma ga ƙasa kamar Najeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, bincike na biyu ne ya fi kusa da ƙofar gida. Hujjojin da ke ƙasa ma sun nuna shi ne ya fi tsayawa da ƙafarsa.

Baƙi da wasali

Duk wanda ya iya karatun ajami ya san cewa baƙaƙe kaɗai ba sa isar da saƙo. Baƙaƙen da za a rubuta "gida" da su, su ne dai na "gada", su ne kuma na "guda". Wasali ne ke faɗa wa mai karatu wanne ake nufi.

Haka lamarin yake a cikin jiki. DNA wani dogon rubutu ne mai baƙaƙe kusan biliyan uku, wanda ya kasu zuwa babi-babi kimanin 20,000, kowanne ɗauke da umarnin yadda za a haɗa wani abu da jiki ke buƙata. Rubutun da ke cikin ƙwayar halittar fata shi ne a cikin ta hanta, shi ne a cikin ta ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta su shi ne babin da aka buɗe da wanda aka rufe.

Ɗaya daga cikin hanyoyin rufewar ita ce wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira metil. Yakan maƙale a kan DNA a wasu keɓaɓɓun wurare, waɗanda adadinsu ya kai kusan miliyan 28 a jikin rubutun. Idan metil ya taru a farkon wani babi, galibi ƙwayar halitta takan daina karanta shi. Idan aka cire, babin na iya sake buɗewa.

Baƙaƙen ba su cika sauyawa ba tun daga haihuwa har mutuwa. Wasalin kuwa yana motsi. Shan taba, alal misali, yana barin tabo a wannan wasali da ake iya gani a gwajin jini, kuma wani ɓangare na tabon yakan dushe bayan mutum ya daina sha. Shekaru ma suna barin nasu.

Yadda jini ke tsufa

A kowace daƙiƙa jikin baligi yana samar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan biyu. Dukkansu, haɗe da fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta da waɗanda ke tsayar da zubar jini, suna fitowa ne daga wasu 'yan tsirarun ƙwayoyi da ke zaune a cikin ɓargo. Su ne iyayen jini. Jar ƙwayar jini takan yi kwana 120 ta mutu, amma iyayen suna nan tare da mutum tsawon rayuwarsa.

A 2022 masana a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila suka bi salsalar waɗannan ƙwayoyi a jikin mutane masu shekaru daban-daban. Sun gano cewa kafin shekara 65, iyayen jini tsakanin 20,000 zuwa 200,000 ne ke raba aikin a tsakaninsu. A jikin waɗanda suka haura 70 kuwa, zuri'ar ƙwayoyi goma sha wani abu kacal takan mamaye kusan rabin jinin. Kamar gari ne da ke da dubban gidaje, a wayi gari 'yan gidaje ƙalilan sun haifi rabin jama'arsa.

Akwai misalin da ya fi wannan. Wata dattijuwa 'yar ƙasar Holan, Hendrikje van Andel-Schipper, ta rasu a 2005 tana da shekara 115, bayan ta ba da izinin a yi bincike a kan gawarta. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna cewa mafi yawan fararen ƙwayoyin jininta sun fito ne daga iyaye biyu tak.

A wannan shekara ta 2014, wasu manyan bincike biyu suka nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka kai shekara 70 na ɗauke da irin wannan zuri'a mai mamaya. Da aka duba babin da suka fi lalacewa a cikinta, sai aka tarar da sunaye biyu a kan gaba: DNMT3A da TET2. Aikin na farko shi ne ɗora metil a kan DNA. Na biyu kuma shi ke fara aikin goge shi. Wato mai sa wasalin da mai goge shi ne suka fi samun matsala a tsohon jini.

Yawancin masu wannan yanayi lafiyarsu ƙalau. Sai dai haɗarin kamuwa da sankarar jini ya fi yawa a wurinsu, haka ma na ciwon zuciya.

Agogon da ke cikin jini

A 2013 wani masani a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Steve Horvath, ya tattara samfura kusan 8,000 daga sassan jiki iri-iri. Ya nuna cewa idan aka auna yawan metil a wurare 353 kawai, za a iya faɗin shekarun mutum, kuma kuskuren bai cika wuce shekara uku zuwa huɗu ba. A shekarar ce kuma wata tawaga a San Diyego ta fitar da nata ma'aunin daga jini zalla, mai amfani da wurare 71.

Daga nan aka fara kiran abin da agogon tsufa. Binciken da suka biyo baya sun nuna cewa mutanen da agogonsu ya yi gaba da ainihin shekarunsu sun fi fuskantar cututtuka da mutuwa da wuri, idan aka ɗauki jama'a a dunƙule.

Dashen ɓargo ya ƙara haske. Idan aka dasa wa dattijo ɓargon matashi, agogon jininsa yakan bi shekarun wanda ya ba da ɓargon. Hakan na nufin iyayen jini suna tafe da lissafin shekarunsu duk inda aka kai su.

Tambayar da ta biyo baya a bayyane take: idan shekaru a rubuce suke a wasali, me zai faru in aka gyara wasalin?

Almakashi ya koma alƙalami

Kayan aikin ya samo asali ne daga fasahar CRISPR, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020. A siffarta ta asali, CRISPR almakashi ne mai ɗan jagora. Jagoran yakan nemo wurin da ake so a cikin baƙaƙe biliyan uku, almakashin ya yanka.

Masana sun dakushe bakin almakashin, suka bar jagoran, sannan suka ɗaura masa ko dai sinadarin da ke ɗora metil ko wanda ke cire shi. A 2021 wata tawaga a Amurka ta fitar da wani samfuri mai suna CRISPRoff, ta nuna cewa babin da aka rufe da shi yakan zauna a rufe ko bayan ƙwayar ta rabu sau ɗaruruwa. A 2024 masana a birnin Milan na Italiya suka yi wa ɓeraye allura ɗaya da ta rufe wani babi a hantarsu mai alaƙa da kitsen jini, kuma tasirin ya kusa shekara guda.

Har an fara gwaji a kan mutane. A ƙarshen 2024 hukumomin Niyuzilan suka bai wa kamfanin Tune Therapeutics izinin gwada wannan dabara a kan masu ciwon hanta nau'in B, da nufin rufe bakin ƙwayar cutar da ke ɓuya a hanta.

Juya agogo ba ya dawo da safiya

A nan ne batun tsufa ya yi tuntuɓe. Agogon Horvath ma'auni ne da aka gina ta hanyar lissafi: an nemo wuraren da ke sauyawa tare da shekaru. Cewa abu yana tafiya tare da tsufa bai tabbatar da cewa shi ke jawo tsufan ba. Furfura ma tana tafiya tare da shekaru, amma wanda ya rina ta bai rage wa gwiwarsa ciwo ba.

A 2024 wasu masana a Jami'ar Kolon ta Jamus suka nuna cewa za a iya gina irin wannan agogo daga tarin ƙananan kurakurai da ke faruwa haka siddan, ba tare da wani tsararren shiri na jiki ba. Idan haka ne, wani kaso na abin da agogon ke aunawa tsatsa ce kawai da ke taruwa.

Binciken Aachen, ƙarƙashin Wolfgang Wagner, ya ƙara wani abu. Da suka sauya metil a wurin da suka zaɓa, sai suka ga wasu wurare masu nisa a jikin DNA su ma sun motsa, kuma da yawansu wuraren da ke da alaƙa da shekaru ne. Wannan ya nuna cewa alamomin suna da wata sarƙa a tsakaninsu. Ya kuma nuna cewa ba za a taɓa guda ɗaya a ce an san iyakar abin da zai biyo baya ba.

A cikin ɓargo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwaya ɗaya da aka gyara ba daidai ba tana iya samun fifiko a kan 'yan uwanta, ta hayayyafa shekara da shekaru, har ta zama sankara. Babin DNMT3A da TET2 da aka ambata suna cikin waɗanda ake yawan samu a lalace a jikin masu sankarar jini.

Akwai wata hanya ta daban da ke goge wasalin gaba ɗaya, wadda Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006. Tana mayar da agogon ƙwayar halitta kusan sifili, amma ƙwayar takan manta aikinta. Ɓerayen da aka yi wa hakan ba tare da ƙayyadewa ba sun fitar da ƙari a jikinsu.

Duk da haka kuɗi na kwarara. Kamfanin Altos Labs ya buɗe a farkon 2022 da jarin dala biliyan uku domin binciken mayar da ƙwayoyin halitta ƙuruciya. Har yanzu babu wata hukumar magunguna da ta amince da wani magani irin wannan na tsufa.

Inda sikila ta bambanta

A batun sikila an san babin da ake nema, an san abin da buɗe shi zai yi, kuma an daɗe da sani.

Jariri a cikin mahaifa yana amfani da wani nau'in himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, wanda ya sha bamban da na manya. Bayan haihuwa jiki yakan rufe babin na jarirai sannu a hankali, ya buɗe na manya. Kuskuren da ke haddasa sikila yana cikin na manyan ne. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa ganin alamar cutar sai jariri ya doshi wata shida, lokacin da kumburin hannu da ƙafa ke farawa. Wata likitar yara a birnin Niyok, Janet Watson, ta lura da wannan tun 1948.

A 1982 likitoci a Amurka suka gwada wani magani mai cire metil, suka ga himogulobin na jarirai ya ƙaru, da farko a jikin birai, daga baya a jikin marasa lafiya. Matsalar maganin ita ce ba ya zaɓe. Yana goge wasali ko'ina, kuma yana da guba. An kuma shafe shekaru ana muhawara ko metil ɗin ne ainihin makullin ko kuwa yana taruwa ne kawai bayan an riga an rufe babin.

Wannan muhawara ce binciken Sidni da St. Jude ya taɓa. Tawagar, wadda Merlin Crossley da Kate Quinlan ke ciki, ta cire metil daga farkon babin himogulobin na jarirai kaɗai, sai ya buɗe. Da suka mayar da metil ɗin, sai ya sake rufewa. Irin wannan hujja ta cirewa da mayarwa ita ce har yanzu masu binciken tsufa ke nema a nasu ɓangaren.

Sai dai a ƙwayoyin halitta aka yi aikin, cikin ɗakin gwaje-gwaje. Akwai sauran gwaji a kan dabbobi, sannan mutane. Babban abin da za a tabbatar shi ne ko gyaran zai dawwama a cikin iyayen jini na tsawon shekaru, domin wasalin da aka goge jiki na iya mayar da shi.

Darasin Casgevy

An riga an samu maganin da ke farkar da himogulobin na jarirai ta hanyar yanka DNA. Sunansa Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kimanin naira biliyan uku, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Kuɗin ba shi ne kaɗai shinge ba. Sai an zaro iyayen jini daga jikin mara lafiya, a kai su masana'anta a gyara, sannan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu sankara domin a share tsohon ɓargonsa, kafin a mayar masa da sabon. Yakan shafe makonni a asibiti ba shi da garkuwar jiki, kuma maganin sharewar na iya hana shi haihuwa har abada. Wani magani na biyu da aka amince da shi rana ɗaya da Casgevy a Amurka, mai suna Lyfgenia, yana ɗauke da gargaɗi mafi tsanani kan haɗarin sankarar jini.

Gyaran wasali na iya rage haɗarin da ke tattare da yanka DNA. Amma muddin sai an fitar da ƙwayoyin an share ɓargo, wahalar da tsadar suna nan. Abin da zai sauya lissafin shi ne allurar da za ta kai kayan gyaran cikin ɓargo kai tsaye. A 2023 masana a Filadalfiya suka nuna cewa hakan na yiwuwa a jikin ɓeraye. Tun 2019 ma Cibiyoyin Lafiya na Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman irin wannan magani mai sauƙi na sikila da HIV, da Afirka a zuciya.

Me ke hannu yanzu?

Najeriya ba ta fara daga sifili ba. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya, ya fara nasa. Duk wani maganin gyaran ƙwayoyin jini da zai zo nan gaba, a kan irin waɗannan cibiyoyi da ma'aikatansu zai dogara.

Akwai kuma ƙwayar magani da ke yin wani ɓangare na aikin tun tuni. Hydroxyurea tana ƙara himogulobin na jarirai, kuma Amurka ta amince da ita ga manya masu sikila tun 1998. Gwajin da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya nuna cewa za a iya amfani da ita wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, a inda ƙarin jini a kai a kai yake da wuya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma yara da yawa ba sa samun ta, wasu saboda kuɗi, wasu kuma ba a gano cutar tasu ba sai da ta yi nisa.

A ɓangaren rigakafi, gwamnatin Kano ta sanya hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na rukunin jinin gado. Idan masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Babu wani ci gaban kimiyya da ya sauya wannan lissafi.

Sai kuma gargaɗi. Duk lokacin da labarin irin wannan bincike ya fito, masu tallar garin magani da ƙwayoyin ƙarin kuzari a WhatsApp da Facebook sukan ari kalmominsa, su ce hajarsu na sabunta ƙwayoyin jiki ko tana sauya SS ya koma AA. Babu abin sha ko na haɗiya da ke yin haka. Gwajin agogon tsufa da wasu kamfanonin ƙetare ke sayarwa ta intanet ma an gina mafi yawansa ne da jinin Turawa, kuma samfur ɗaya na iya ba da amsa daban idan aka maimaita gwajin.

Abubuwa uku ne za su nuna ko gyaran wasali zai fita daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa ɗakin jinya: sakamakon gwajin ciwon hanta da ake yi wa mutane, hujjar cewa gyaran yana dawwama a ɓargon dabbobi, da kuma allurar da za ta kawar da buƙatar share ɓargo. Idan ukun suka tabbata, masu sikila ne suka fi cancantar shiga sahun farko. Ko za su shiga ɗin, ya danganta da yawan waɗanda aka yi wa gwaji tun suna jarirai, aka riƙe su da magungunan da ke akwai, suka rayu har zuwa ranar.